Jak Bawa, Infoma da "Ya Amsa Laifinsa"

Yau fim za mu taɓa. Kada wani ya ce an bar nahawu an koma gidan kallo, a cikin fim ɗin za mu tsinto nahawun.

Duk wanda ya riski zamanin faifan sizin a gidajen kallo na Funtuwa da Malumfashi, ko ya taso a zamanin tura fim a waya a shagunan caji na Danja, ya san Jack Bauer, ko da bai riƙe sunan wasan ba. A bakin Bahaushe sunan kan fito Jak Bawa, sai ka ce wani ɗan Bakori. Sunan wasan 24. Tashar Fox ta Amurka ce ta fara nuna shi ranar 6 ga Nuwamban 2001, ba a ma cika wata biyu da harin 11 ga Satumba ba. Joel Surnow da Robert Cochran suka ƙirƙiro shi, Kiefer Sutherland ya fito a matsayin Bauer, jami'in wata hukumar yaƙi da ta'addanci da marubutan suka ƙago suka sa mata suna CTU. Kowane zango kwana ɗaya ne tak, an raba shi kashi 24, kowane kashi awa ɗaya, ga agogo yana ta bugawa a allo. Zango takwas aka yi daga 2001 zuwa 2010, kashi 192 ke nan, aka ƙara wani guntu mai kashi 12 a 2014. Indiyawa ma sun yi nasu a 2013 da Anil Kapoor.

A ba shi haƙƙinsa, wasan ya iya riƙe mai kallo. Wanda ya ce kashi ɗaya zai kalla ya kwanta, kiran assalatu ne zai tashe shi daga gaban allo. Zango na ɗaya da na biyar musamman, an saƙa su da kyau. Ni dai abin da ya dame ni shi ne Hausar da muke ba da labarinsa da ita, domin Hausar nan ba a bencin mai shayi take tsayawa ba. Ita ce dai muke ɗauka mu yi maganar maƙwabcinmu da ita gobe.

Ku saurari matashi yana ba abokinsa labarin zango na ɗaya. Ana so a kashe Sanata David Palmer mai neman shugabancin ƙasa, kuma akwai mai fitar da sirrin CTU daga ciki. Sai ka ji ya ce: "Ashe Jamey infoma ce. Can ƙarshe kuma ashe Nina ce babbar infomar, ita ta kashe matar Jak." In an zo kan mutumin da ke kawo wa Jak labari daga cikin 'yan ta'adda, shi ma infoma. In Jak ɗin kansa ya ɓad da kama ya shiga cikin miyagu, kamar yadda ya yi a zango na uku, "ai infoma ya zama." Mutum huɗu, aiki huɗu, kalma ɗaya.

Alhali Hausa ba ta yi talaucin da za a ce sai an yi haka ba. Wanda hukuma ko ƙasa ta tura ya gano abin da abokan gaba ke ƙullawa, ɗan leƙen asiri ne. Ku lura da ginin: leƙe, sai mahaɗin -n, sai asiri. Mace 'yar leƙen asiri, jam'i 'yan leƙen asiri, kuma don Allah a riƙa sa wa ƙ ƙugiyarta. Asiri da sirri 'yan gida ɗaya ne, duka daga Larabci: sirri daga tilon kalmar, asiri daga jam'inta, sai Hausa ta karɓe su biyu ta ba kowa aikinsa, har asiri ya tafi ya ɗauko ma'anar sammu. A yaƙin dā akwai magewayi, wanda ake turawa ya gewayo sansanin maƙiya ya dawo da labari. Zamanin Turawa ya kawo ɗan rahoto da ɗan sandan ciki. Kanawa har yau ba su manta da Adamu Jakada ba, wanda ya riƙa kai wa Turawa rahoton Kano kafin su ci ta a 1903. Yanzu kuma muna da jami'an tsaro na farin kaya, wato hukumar da aka kafa a 1986 lokacin da gwamnatin Babangida ta raba tsohuwar NSO gida uku. Wani ɗalibi zai tambaya me ya sa ba a ce fararen kaya ba. Farin nan ba launi ba ne, kayan gida ake nufi, waɗanda ba kaki ba, kuma kaya a nan tilo ne namiji, kamar yadda za ka ce kayan ya yi nauyi.

Ita kuwa Nina, ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya dace da ita. Tana cin albashin gidan, an yarda da ita, tana rusa shi ta ƙarƙashi. Turawa suna kiran irinta da sunan wata 'yar dabba mai haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa. Abin sha'awa, Bahaushe ma ƙarƙashin ƙasar ya duba, ya ga zago, ya ce zagon ƙasa. Nina mai zagon ƙasa ce, mai cin amana, ta yi zamba cikin aminci. Duk wasan 24 ma, in ka tattara shi, karin magana ɗaya yake ta maimaitawa zango bayan zango: da ɗan gari akan ci gari. Har abin ya zama gajiya, domin da ka ga sabuwar fuska a ofishin CTU sai ka fara lissafin kashi na nawa asirinta zai tonu. Hukumar da kusan kowace shekara sai an sami mai cin amana a cikinta, ai ba jarumi take buƙata ba, mai tantance ma'aikata take buƙata.

To me ya sa infoma ta haɗiye sauran kalmomin? Saboda ita ce ke yawo a kunnenmu yanzu. Kalmar aro ce daga Turanci, kuma ta zauna daram, shaidar haka jam'inta: infomomi, a kan tsarin taga da tagogi, tasha da tashoshi. Kalmar da ta sami irin wannan jam'i ta zama 'yar gida. Sai dai a Turancin ba ta faɗi wanda ake kai wa labarin ba, 'yan sanda ma suna da nasu. A kudancin Katsina kuwa ta riga ta zaɓi ɓangare. In aka ce wane infoma ne a Danja ko Dabai ko Tandama, ba wanda zai tambaya na wa. Ana nufin mai tsegunta wa 'yan bindiga wanda ya sayar da masara, wanda kuɗin tumatir ya shigo masa, wanda ɗansa ya aiko da kuɗi daga birni, da hanyar da sojoji suka bi. Mun ga nauyin abin a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, kuma babban dalilin da aka bayar shi ne a raba 'yan bindiga da masu kai musu labari.

Ga inda cakuɗa kalmomin ke cutarwa. In yaron da ya ga baƙin babura a bayan gari ya je ya gaya wa jami'an tsaro shi ma infoma za mu kira shi, to mun sa masa rigar da ba mai son sawa, gobe shiru zai yi. Ta ɗaya gefen kuma, kalmar da ta yi wannan kaifi, arha gare ta a baki. Rikicin iyakar gona, gabar neman aure, bashin da aka ƙi biya, duk ana iya naɗe su cikin "ai infoma ne." Kowa a yankin nan ya san an rasa rayuka a kan wannan jumla ba tare da an je gaban alƙali ba. Infomomi na gaske suna nan, ɓarnarsu kuma ba ƙarama ba ce. Shi ya sa ma kalmar take buƙatar a riƙe ta da hannu biyu.

Nan ne zan ɗan daɗe, domin nan 24 ya fi yi mana illa. Agogon nan da ke bugawa, ba ado ba ne kawai, hujja ce. Kullum saura minti kaɗan bam ya tashi, kullum ga mutum a ɗaure a kujera wanda ya san inda bam ɗin yake, kullum doka ce ke ɓata lokaci. Sai Jak ya harbi gwiwa ko ya karya yatsa, gaskiya ta zubo. Marubutan ne suka shirya ɗakin yadda duka zai yi aiki, sannan suka juyo suna nuna mana cewa duka yana aiki. Ku duba zango na huɗu. Jak ya tsinke wayar fitila ya riƙa jona wa Paul Raines lantarki, daga baya ta bayyana mutumin ba ya cikin makircin. Sarah Gavin, ma'aikaciyar CTU, an azabtar da ita bisa zargin ita ce mai fitar da sirri, ashe ƙulla mata aka yi. Me ya biyo baya? Ta koma kan teburinta, har da neman ƙarin albashi, labari ya ci gaba kamar an taka ta ne a kasuwa an ce yi haƙuri. Wasan ya yarda ana iya dukan marar laifi, amma bai taɓa barin abin ya yi tsadar da zai sa mai kallo ya tsaya ba. Ba mu kaɗai muka ga haka ba. A watan Nuwamban 2006 Birgediya Janar Patrick Finnegan, shugaban sashen karatu na makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka ta West Point, ya je da kansa wurin masu shirya wasan ya roƙe su su rage, domin ɗalibansa sun fara ɗaukar abin da Jak ke yi a matsayin yadda ake aiki.

Yanzu ku ji yadda Hausarmu ke taya Jak aiki ba tare da mun sani ba. Muna cewa "ana tatsar bayanai daga bakinsa." Tatsa fa! Ba a tatsar saniyar da ba ta da nono. Da ka zaɓi wannan aikatau ka riga ka yanke cewa bayanan suna nan a cikinsa, matsa kawai ta rage. Muna cewa "ya sha matsa," "an ɗan taɓa lafiyarsa," "an ba shi kashi," duk don kada bakinmu ya furta azabtarwa, wadda ita ce sunan abin, kuma ita ce sashe na 34 na tsarin mulkin Nijeriya ya haramta, aka kuma yi mata doka ta musamman a 2017.

Wadda ta fi duka ita ce "ya amsa laifinsa." Jumla ce da muke ji a rediyo, muke karantawa a shafukan labarai, muke maimaitawa ba tunani. Ku tsaya a kan -nsa ɗin nan. Mallaka ce. Laifinsa, kamar gonarsa, kamar rigarsa. Tun kafin ya buɗe baki, nahawun jumlar ya riga ya ba shi laifin ya ce nasa ne, amsawar cikon shaida ce kawai. Kwatanta da "ya amsa laifin da ake zarginsa da shi," ko mafi kyau, "'yan sanda sun ce ya amsa cewa shi ya aikata." Ta ƙarshen ta fi tsawo, gaskiya ne, amma ta gaya maka wanda ya faɗa, ta kuma bar maka damar tambayar a wane hali ya amsa. Mutumin da ya kwana rataye zai amsa har laifin da aka yi kafin a haife shi.

Hausa tana da tsani mai hawa-hawa a nan, mu ne muke tsallake matakan. Akwai zato, abin da ke zuciyarka. Akwai zargi, ka furta amma ba a tabbatar ba. Akwai tuhuma, wadda a harshen shari'a ake nufin an gurfanar da mutum an karanta masa abin da ake cewa ya yi. Sannan akwai a same shi da laifi, wannan kuwa aikin alƙali ne. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce mutum marar laifi ne har sai an hau matakin ƙarshe. A cikin 24 babu tsanin, daga zato sai harsashi. Mu ma in muna ba da labari, wanda ake zargi kan zama ɗan ta'adda tun a jumlar farko.

Sai kuma an da aka da ake, waɗanda ba sa nuna wanda ya yi aikin. Ni'ima ce a harshe, suna ba mu damar kunya da sakayawa: an zo, an gode, ana gaisuwa. Amma a maganar rai da mutuwa mafaka ce. "An ce infoma ne." Wa ya ce? "An gan shi yana waya da su." Wa ya gan shi, ya kuma san da wa yake wayar? "An kashe shi." Jumla uku, mutum ya mutu, ba a ambaci sunan mai rai ko ɗaya ba. Ƙaramar kalmar nan wai ma, da muke raina ta, ta fi mu adalci. Wanda ya ce "wai infoma ne" ya nuna ji ya yi, bai ɗauki nauyin maganar ba. Matsalar ita ce wai ɗin kan faɗi a hanya. Ta bar bakin mutum na farko da wai, ta isa kunnen na huɗu ba ita.

Ita kanta ta'addanci, daga ta'adda take, kalmar Larabci mai ma'anar ƙetare iyaka, aka yi mata ɗafa-ƙeyar -nci irin ta shugabanci. Mutanen da ke addabar yankinmu sun sha suna iri-iri cikin shekarun nan: ɓarayin shanu, ɓarayin daji, 'yan fashin daji, 'yan bindiga, 'yan ta'adda. Kowane suna da maganin da yake kira. Ɓarawo alƙali ake kai wa, ɗan ta'adda jirgin yaƙi ake tura masa. Ga wani abin da ya kamata kowane ɗalibin nahawu ya sani. A watan Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati ta fitar da sanarwar a hukumance a Janairun 2022. Sunayen ƙungiyoyin da aka rubuta a takardar Turancin su ne Yan Bindiga da Yan Ta'adda. Wato an ɗauki suna gama-gari an mai da shi keɓantaccen suna, kamar a ce an haramta wata ƙungiya mai suna Ɓarayi. Ba wata ƙungiya ɗaya mai shugaba ɗaya da ke amsa sunan Yan Bindiga, dabobi ne barkatai, kowace da ubangidanta, wasu ma suna yaƙar juna.

In suna ya yi faɗi haka, komai yana iya shiga cikinsa. 24 ya faɗa wannan rami a zango na huɗu, inda ya nuna iyalin Araz, Musulmi masu zaman lafiya da maƙwabta a fili, uba da uwa da ɗa, ashe duk suna cikin makirci. Ƙungiyoyin Musulmin Amurka suka yi ƙorafi, har a 2005 aka sa Sutherland ya fito ya yi wa masu kallo jawabin cewa kada a yi wa Musulmi kuɗin goro. Mu da muke jin zafin wannan in an yi mana, mu duba bakinmu. Sau nawa ake cewa "Fulani sun shigo" alhali 'yan bindiga ake nufi? Mai kawo nono kasuwar Danja da makiyayin da shi ma aka kore masa shanu, duk jumlar ta kwashe su. Afirkar da ke cikin wasan kuwa, wata ƙasa ce ta ƙage mai suna Sangala da janar ɗinta Juma, ba ta da komai sai yara masu bindiga. Ba sai mun ɓata lokaci a kanta ba.

Inda wasan ya yi abin kirki shi ne zango na biyar, da aka bi zaren makircin har ya kai ga shugaban ƙasa Charles Logan da kansa. A nan ya faɗi gaskiyar da ta fi ƙarfin agogonsa: mai riƙe da bindiga sau da yawa ɗan aike ne. Amma ko a nan, kwana ɗaya aka ba matsalar, jarumi ɗaya ya warware ta. Ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe ranar 11 ga Disamban 2020, sai ranar 17 ga wata aka sako su, kuma ta hanyar tattaunawa, ba wani Jak Bawa da ya diro daga jirgi.

Wani abin lura, Amurkar da ta sayar wa duniya Jack Bauer, ita ce kuma ma'aikatar harkokin wajenta ta ba da kuɗin da ƙungiyar Equal Access ta kafa tashar Arewa24 da su a 2014. Daɗin Kowa, wasan da tashar ta yi suna da shi, ya taɓo tsattsauran ra'ayi ta ƙofar gida, ta wajen iyaye da maƙwabta da matasa marasa aikin yi. Bai kai 24 sa bugun zuciya ba, amma mutanensa suna da dangi, in an yi wa ɗaya sharri akwai uwar da za a nuna tana kuka. Masu rubuta wa Kannywood labari da masu fassara finafinai, in za ku yi mana wasan leƙen asiri da Hausa, ku raba mana kalmomin. Harshen da ya iya ƙera ƙunar baƙin wake daga labarin gargajiya ya ba abin da bai taɓa gani ba suna, ba zai gaza bambanta magewayi da mai zagon ƙasa ba.

Ga aikin gida. Ku ɗauki wannan jumla: "An kama wani infoma, kuma bayan an tatse shi ya amsa laifinsa." Ku sake rubuta ta yadda za a san wanda ya kama, wanda ya yi zargin, da abin da aka tabbatar da wanda ba a tabbatar ba, ba tare da an, tatsa ko -nsa ba. Mutanen Kahutu da Tsangamawa da Yakaji kuma, ku tambayo mana dattawanku: kafin infoma ta shigo, me suke kiran mai kai wa ɓarayi labarin gari?